Ci Gaba Rigar Aro Ce

A shekarar 1068, wani alƙali a birnin Toledo na ƙasar Andalus, mai suna Sa'id al-Andalusi, ya zauna ya kasa mutanen duniya gida biyu: waɗanda suka damu da ilimi, da waɗanda ba ruwansu da shi. A gidan farko ya zuba al'ummu takwas, ciki har da Indiyawa da Farisawa da Girkawa da Larabawa da Yahudawa. Da ya iso kan mutanen ƙuryar arewacin Turai, sai ya ce rana ta yi musu nisa, sanyi ya daskarar musu da kai, jikinsu ya yi fari fat, wauta ta yi musu katutu. Baƙaƙen fata na kudu ma bai ƙyale su ba, ya ce su zafi ne ya ƙona musu hankali. Mutanen Sin kuwa ya yarda gwanayen aikin hannu ne, amma bai ga sun isa shiga sahun masu ilimi ba, alhali takardar da malaman zamaninsa ke rubutu a kai fasahar Sin ce.

Shekara 17 bayan wannan rubutu Toledo ta faɗa hannun sarkin Kirista. Ba a jima ba birnin ya cika da baƙi daga arewa, sun zo takanas su juya littattafan Larabci zuwa harshen Latin. Gerard na Kremona shi kaɗai ya fassara sama da 70, har da babban littafin likitanci na Ibn Sina. Daniel na Morley ya taso daga Ingila, Michael Scot daga Sikotilan. A garin alƙalin nan suka durƙusa suka ɗauki karatu. Bayan wasu shekaru ɗari takwas, jikokinsu ne suka zauna da magwaji suna auna ƙoƙon kan bil'adama, suna rubuta irin littafin alƙalin sak, sai dai sun juya jerin, su ne yanzu a sama.

Da wannan labarin nake amsa wa duk wanda ya ce mini wai wasu mutane Allah ya ba su ƙwaƙwalwa, wasu kuma ya hana su. Duk wanda ya hau tudu sai ya leƙo ƙasa ya ce jininsa ne ya kai shi. Tun shekara 54 kafin Miladiyya, Cicero, babban ɗan siyasar Rum, ya rubuta wa abokinsa cewa kada ya sa rai za a samu bawa mai ilimin karatu ko kiɗa cikin waɗanda za a kamo daga tsibirin Birtaniya. Jini ba ya sauyawa cikin shekara ɗari biyar, amma na gaba da na baya sun sha musanya wuri a cikin ƙasa da haka. Duniya rawar 'yan mata ce. Wanda kuma zai ce ƙaddara ce a bar zancen, na yarda da ƙaddara, sai dai ban taɓa ganin manomin da gonarsa ta ƙi ba, ya ƙi dubawa ko ruwa ne ya gaza ko taki.

Abin da na tsaya a kai shi ne, babu al'ummar da ta ƙirƙiro abin da take tinƙaho da shi sai ɗan ƙalilan. Sauran duk aro ne. Saboda haka in ana neman dalilin da ya sa wasu suka yi nisa wasu suka tsaya, a fara da tambayar wa ke zaune a bakin hanya, wa aka toshe wa hanya, kuma wa ya karɓi rigar aron ya warware ɗinkinta ya koyi yadda ake yi.

Kafin a kai ga aro, sai an samu abin da za a ara, kuma a nan rabon farko bai zo daidai ba. Ɗan'adam ya yi kusan shekara dubu 300 a doron ƙasa, kuma mafi yawan wannan lokaci kowa farauta yake yi da tsince-tsince, ba mai birni ba mai sarki. Noma bai fi shekara dubu 11 da ɗoriya ba. Ya ɓullo a wurare daban-daban ba tare da wani ya koya wa wani ba: alkama da sha'ir a yankin kogunan Dijla da Furat da ƙasar Sham, shinkafa da gero a Sin, masara a Meziko, dankali a tsaunukan Andis, ayaba da gwaza a Niu Gini, dawa da gero a yankin Sahel na Afirka. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa basira ba ta taru a wuri guda ba. Amma abin da kowa ya tarar a dajinsa ya bambanta. Alkamar daji da ma tana da tsaba mai auki, ana iya girbe ta a ajiye. Kakar masara kuwa wata ciyawa ce mai 'yan ƙwayoyi kaɗan cikin ɓawo mai tauri, sai da manoman Meziko suka yi dubban shekaru suna zaɓen iri kafin ta zama zangarniyar da muka sani. Ni a wurina waɗannan manoman sun fi masu alkama nuna gwaninta, amma lokacin da suka ci wajen gyaran iri, wasu sun ci shi wajen gina birane.

Zancen dabbobi ya fi wannan tsanani. Wani masani ɗan Amurka, Jared Diamond, ya ƙirga manyan dabbobin da ɗan'adam ya iya mayarwa na gida kafin zamanin nan, ya samu 14. Guda 13 daga Asiya da Turai da arewacin Afirka suke. Ɗaya tak, wata dangin raƙumi mai suna lama, ita ce ta Kudancin Amurka, kuma ba ta jan garma, ba ta ɗaukar babban mutum. Afirka ta fi ko'ina manyan namun daji, amma je ka ɗaura wa ɓauna garma, ko ka sa wa jakin dawa linzami. Turawan mulkin mallaka sun gwada jakin dawa, sun gaji sun bari. Inda doki da sa suka iso daga arewa kuma, sai suka tarar da ƙudan tsando yana jiransu a dazuzzukan tsakiyar nahiyar da cutar sammore. Ƙasar da sa ba ya rayuwa, noma sai da fartanya, kaya sai a ka. Mutum ɗaya ba ya noma abin da zai ciyar da mutane da yawa, don haka waɗanda za a ware su zauna su yi ƙira ko rubutu ko lissafin taurari ba za su yi yawa ba. A Meziko an tono kayan wasan yara masu tayoyi, alamar sun san taya sarai, amma ba su yi amalanke ba, don ba abin da zai ja ta. Da dokin Sifaniyawa ya kuɓuce ya bazu a filayen Arewacin Amurka, cikin 'yan zuriyoyi kaɗan ƙabilar Komanci ta zama cikin mahayan da duniya ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ashe da can doki ne babu, mahayin yana nan.

Zama da dabbobi da cunkoson birane ya zo da wata muguwar kyauta: cututtuka masu yaɗuwa, irin su agana da ƙyanda. Sun kashe mutanen Asiya da Turai da Afirka ƙarni bayan ƙarni, waɗanda suka tsira jikinsu ya saba. 'Yan asalin nahiyar Amurka ba su taɓa haɗuwa da su ba. A watan Nuwamba na 1532, Fransisko Pizaro ɗan Sifaniya da mutum 168 suka kama Atahuwalpa, sarkin daular Inka, a garin Kahamarka na ƙasar Peru ta yau, alhali dakarunsa dubun-dubata suna zagaye da garin. Ana yawan ba da labarin kamar jarumtar Bature ce da bindiga da doki da takobin ƙarfe. Waɗannan sun yi aiki, amma kafin Pizaro ya iso, annoba ta riga ta kashe mahaifin sarkin, 'ya'yansa biyu sun gwabza yaƙin basasa kan gadon sarauta. Haka a Meziko: Tenocitilan, babban birnin sarautar Aztek, wanda ya fi yawancin biranen Turai na lokacin girma, bai faɗi a 1521 ba sai da agana ta ratsa shi, kuma mafi yawan mayaƙan da suka kewaye shi 'yan ƙasa ne, maƙiyan sarautar Aztek.

Har nan na yarda da masu cewa ƙasa da yanayi su ne tushe. Inda na rabu da su shi ne, ƙasa ba ta motsi, amma tarihi yana motsi. Kogin Nilu na zamanin Fir'auna shi ne na yau. Ingilar da Cicero ya raina ita ce ta mallaki kusan rubu'in duniya. Misali mafi kusa shi ne Koriya: mutane ɗaya, harshe ɗaya, ƙasa mai duwatsu iri ɗaya, aka raba su a 1945. Arewa ce ma ta gaji yawancin ma'adinai da manyan masana'antu. Yau in tauraron ɗan'adam ya ɗauki hoton yankin da dare, kudu tana walƙiya, arewa duhu ne in ban da ɗigon babban birninta. Ɗaya ta tura 'ya'yanta ko'ina su koyo ƙira da haɗa jiragen ruwa da na'urori, ɗaya ta kulle ƙofa ta jefa makullin a rijiya.

A duba haruffan da nake rubutu da su yanzu. Rubutu, daga babu zuwa akwai, sau uku ko huɗu kacal aka ƙirƙiro shi a tarihi: a Sumer ta ƙasar Iraƙi wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, da farko ma don lissafin sha'ir da tumaki, sai Masar, sai Sin, sai yankin Meziko. Haruffan abajada kuwa, inda kowane harafi ke wakiltar sauti guda, kusan dukkansu asalinsu ɗaya ne, daga wasu masu magana da harshen dangin Larabci da Ibrananci da suka yi cuɗanya da Misirawa kimanin shekara 3,800 da suka wuce. Daga gare su Finikiyawa suka gada, Girkawa suka ara daga Finikiyawa, Rumawa suka ara daga wannan reshe. Ta wani reshen kuma, ta hanyar Aramiyanci, haruffan Larabci suka fito. Alif da ba, alfa da beta, A da B, duk jikokin kaka ɗaya ne. Harafin farko hoton kan sa ne, ka kifar da A za ka ga ƙahonin. Na biyu hoton gida ne, baiti. Masu gardamar wane rubutu ne na wayewa wane ne na baya, 'yan uwan juna suke zagi. Kuma da zarar mutum ya ga cewa ana iya kama magana a ɗaure ta a takarda, sauran aikin ba ya gagararsa. Sekwoya, ɗan ƙabilar Ceroki a Amurka, bai iya karanta Turanci ba, amma ya gama tsara wa harshensa haruffa a 1821, mutanensa suka koye su cikin 'yan shekaru. Sarki Njoya na Bamun a Kamaru ya yi irin haka wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Alƙaluman lissafi ma haka. Indiya ta haife su tare da sifili, al-Khwarizmi ya yi musu littafi a Bagadaza wajen shekarar 825, wani ɗan Italiya, Fibonaci, ya koyo su a Bijaya ta ƙasar Aljeriya inda mahaifinsa ke aikin fatake, ya yi nasa littafin a 1202. Kuma ba da hannu biyu aka karɓe su ba: a 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Fulorens ta hana mambobinta amfani da su a littafin ciniki. Takarda kuwa, wadda ake danganta wa Cai Lun na fadar Sin a shekarar 105, ta bi ta Samarƙand, ta iso Bagadaza kafin ƙarshen ƙarni na 8, ta ratsa Masar da Andalus, ta shiga Italiya a ƙarni na 13, ba a kafa masana'antarta a Ingila ba sai wajen 1490. Tafiyar kusan shekara 1,400. Albarushi da allurar da ke nuna wa matuƙin jirgi arewa, su ma daga Sin suka taso. Turai tana can ƙarshen wannan doguwar hanya, duk abin da aka ƙera tsakanin tekun Sin da Bahar Rum, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya gangaro mata.

Asiya da Turai shimfiɗe suke daga gabas zuwa yamma, don haka irin da ya yi a Farisa zai iya yi a Sifaniya, tsawon rana da damina ba su yi nisa da juna ba. Amurka da Afirka a tsaye suke daga arewa zuwa kudu, iri ko dabba ba sa tafiya mai nisa sai sun ci karo da hamada ko kurmi. Meziko tana da rubutu da taya, Peru tana da dabbar dako, amma kurmin Panama ya hana su haɗuwa. Mafi ban tausayi shi ne tsibirin Tasmaniya. Teku ta taso ta yanke shi daga Ostireliya kimanin shekara dubu 10 zuwa 12 da suka wuce, ta bar 'yan dubban mutane ba su ƙara ganin baƙo ba har zuwan jiragen Turawa. Masu tonon tarihi sun ga cewa da can suna yin kayan aiki na ƙashi kuma suna cin kifi, daga baya duka biyun suka ɓace daga rayuwarsu. Akwai masu cewa sun bari ne don ba su da bukata. Ko da haka ne, a cikin jama'a kaɗan, in tsohon da ya iya wata sana'a ya mutu bai koyar ba, ba maƙwabcin da za a je a sake koyowa.

Kada kuma a ɗauka aron daga "wayayyu" kawai yake gangarowa. A 1845 Sir John Franklin ya shiga ƙanƙarar arewacin Kanada da manyan jirage biyu da mutum 129, ba wanda ya dawo, a yankin da Inuwit, 'yan asalin wurin, ke haihuwa suna tsufa. Roald Amundsen ɗan Norwe ya zauna da Inuwit ɗin, ya koyi tufafin fata da tuƙin karnuka, da wannan ilimin ya riga kowa isa ƙuryar kudancin duniya a Disamban 1911, ya komo da mutanensa lafiya.

Wani lokaci ba teku ke toshe hanya ba, fada ce. Tsakanin 1405 da 1433 daular Ming ta Sin ta tura Zheng He, wani Musulmi bafaden sarki, tafiye-tafiye bakwai ta teku. Tafiyar farko kaɗai ta ɗauki mutum sama da dubu 27. Jiragensa sun kai Indiya da Hurmuz da gaɓar Afirka ta Gabas, har raƙumin dawa aka kai wa sarki. Sai fada ta ce kuɗin ya yi yawa, ga barazanar Mongol a arewa, aka tsayar. Ba wauta ba ce a idon masu mulkin lokacin, amma da yake sarki ɗaya ne ke da faɗin ƙasar nan duka, da ya ce a'a, zance ya ƙare. Kolombus kuwa ya kai tallan tafiyarsa ta neman hanyar Asiya ta tekun yamma ga sarkin Fotugal aka ƙi, ɗan'uwansa ya nufi Ingila da Faransa, a ƙarshe Sifaniya ta ba shi jirage uku da mutum wajen 90 a 1492. Abin dariyar shi ne masanan Fotugal ne ke da gaskiya, lissafinsa na girman duniya kuskure ne, da bai yi tuntuɓe da Amurka ba da yunwa ta kashe su a teku. Rarrabuwar Turai ta jawo mata yaƙe-yaƙe marasa iyaka, amma ta sa in an kori mai sabon tunani daga wannan masarauta, ta gaba za ta karɓe shi ko don ta ɓata wa maƙwabciyarta rai.

Injin ɗab'i ya nuna wannan a fili. Gutenbag ya fara aiki da shi a Mainz ta Jamus wajen 1450, kafin 1500 akwai maɗaba'a a garuruwa fiye da 200 na Turai. A Santambul, Yahudawa sun buga littafi da haruffansu tun wajen 1493, amma Musulmi bai samu izinin buga littafi da haruffan Larabci ba sai 1727, lokacin da aka ba Ibrahim Mutafarrika, kuma ban da littattafan addini. Har ya rasu a 1745 littattafai 17 ya buga. An kawo dalilai: dubban masu kwafe littafi da hannu da za su rasa abinci, tsoron kuskure a cikin nassi, ƙaunar kyakkyawan rubutun hannu. Kowanne yana da ma'ana. Amma shekara kusan 280 ba wasa ba ce, kuma wannan ita ce al'ummar da kakanninta suka karɓi takarda daga Sin ba su tsaya tambayar addinin mai ita ba.

Yanzu sai in zo inda nake sa ran gardama. Za a ce mini: kana ta zancen aro, ina zancen fashi? Gaskiya ne, kuma ba ƙarami ba ne. An loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12.5 a jirage zuwa Amurka. Dutsen azurfa na Potosi, a Boliviya ta yau, wanda aka gano a 1545, da aikin tilas na 'yan ƙasa aka kwashe shi. A kiyasin masana tarihin tattalin arziki, a 1750 Sin ce ke ƙera kusan sulusin kayan masana'antar duniya, Indiya kusan rubu'i. Ingila ta kafa dokoki a 1700 da 1721 don hana shigo da atamfar Indiya saboda masaƙanta sun kasa gasa da ita, sannan bayan yaƙin Palasi a 1757 kamfanin cinikin Ingila a Indiya ya kama yankin Bengal da harajinsa. Kafin 1900 rabon Indiya ya faɗo ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Audugar da ta ciyar da injinan Manchesta, bayi ne suka tsince mafi yawanta a jihohin kudu na ƙasar Amurka. Duk wanda ya ba da labarin tashin Turai ya tsallake wannan, bai faɗi gaskiya ba. Kuma fashin bai tsaya ga dukiya ba: inda 'yan mulkin mallaka suka zo kwasa kawai, sun bar tsarin mulkin kwasa, wanda magadansu suka tarar a shirye suka ci gaba da shi. Bincike kan wannan ne ya sa aka ba Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024.

Sai dai fashi shi kaɗai bai ƙera injin ba. Sifaniya ta fi kowa kwasar azurfa, amma sarkinta Filibus na Biyu ya kasa biyan bashi a 1557, da 1575, da 1596, azurfar ta zurare zuwa hannun masu ba da rance da masu ƙera kaya, da yawa ma ta ƙare a Sin. Jiragen Fotugal da na 'yan mulkinta a Barazil sun fi na kowa jigilar bayi, amma Fotugal ta shiga ƙarni na 20 tana cikin matalautan yammacin Turai. A Ingila abubuwa ne suka haɗu: ladan ma'aikaci da tsada, kwal da araha, ga maƙera da ke karanta abin da masana ke bugawa. Injin tururin Newcomen na 1712 ɗan cin wuta ne na gaske, ba inda zai biya kuɗinsa sai bakin ramin kwal, inda aka sa shi zuƙe ruwa. A nan ya rayu har James Watt ya zo ya gyara shi. Ko masaƙar audugar tasu, ƙoƙarin kwaikwayon atamfar Indiya ne ya haife ta.

An ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma tarihin Masar da Japan ya nuna mini inda maganar ke da gaskiya da inda ba ta da ita. Muhammad Ali ya hau mulkin Masar a 1805, ya kafa maɗaba'a a Bulaƙ, ya gina masaƙu da maƙerar makamai, ya tura ɗalibai Faris, babban birnin Faransa, a 1826 da Rifa'a al-Tahtawi a matsayin limaminsu. Ya riga Japan da shekara kusan 50. Amma yarjejeniyar ciniki ta 1838 tsakanin Ingila da Daular Usmaniyya ta karya ikonsa kan kasuwa, manyan ƙasashen Turai suka taru a 1840 suka tilasta masa janyewa daga Sham, aka rage sojojinsa zuwa dubu 18. Jikansa Isma'il ya koma sayen wayewa a ɗinke, da bashi: fadoji, gidan wasan kwaikwayo, shagalin buɗe mashigin Suwez a 1869. A 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin kan fam miliyan 4, a 1882 sojojin Ingila suka shigo. Ci gaban mai haƙan rijiya ke nan.

Japan kuwa jiragen yaƙin Amurka huɗu ne suka tsaya mata a ƙofa a 1853. Bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasar a 1868, manyan gwamnati da dama suka bar kujerunsu suka yi kusan shekara biyu, daga 1871 zuwa 1873, suna zagaya Amurka da Turai, suna shiga masana'antu da makarantu da kotuna da gidajen yari da littafin rubutu a hannu. Suka ɗauko tsarin sojan ruwa daga Ingila, na tsarin mulki daga Jamus. Suka yi hayar ƙwararrun baƙi da tsada, amma kowane da ɗalibai a gindinsa, in an koye sai a sallame shi. Layin dogo na farko, daga Tokyo zuwa Yokohama a 1872, injiniyoyin Ingila ne suka shimfiɗa. Zuwa 1880 'yan ƙasa ne da kansu suka huda dutse tsakanin Kyoto da Otsu jirgi ya wuce. A 1905 suka nutsar da rundunar ruwan Rasha. Sun kuma aro har da mugun halin, domin Taiwan da Koriya sun ɗanɗana mulkin mallakarsu.

Zan yi wa Masar adalci, ko da zai rage wa hujjata ƙarfi. Japan ta shiga wannan zamani da jama'a masu yawan karatu, kuma tana can gefe, ba audugar da ake kwaɗayi, ba mashigin da ake bi. Masar kuwa a kan hanyar Indiya take zaune, Ingila ba za ta taɓa barin ta ta yi ƙarfi ba. Zama a bakin hanya yana kawo malami da fatake, yana kuma kawo mahara, kuma mai gida ba shi ke zaɓen wanda zai ƙwanƙwasa ba.

A 1241 dakarun Mongol suka murƙushe rundunonin Poland da Hangari cikin kwana biyu tsakani, ba wata runduna da ta rage tsakaninsu da tsakiyar Turai. A Disamban shekarar babban sarkinsu Ogedai ya mutu can a Mongoliya, a 1242 suka juya, ba su sake dawowa da irin wannan ƙarfi ba. Masana na gardama ko mutuwar ce ta mayar da su ko ƙarancin makiyaya. Jami'o'in Faris da Bolonya da Oksfod suka ci gaba da karanta littattafan da aka fassaro a Toledo. Shekara 16 bayan nan Hulagu, ɗan ɗan'uwan Ogedai, ya biyo ta Samarƙand da Farisa, hanyar nan da takarda ta bi ta zo. A Fabrairun 1258 Bagadaza ta faɗi, aka kashe halifa al-Musta'asim, aka watsa ɗakunan karatu. Cikin waɗanda suka harba manyan majaujawar da suka rushe ganuwar birnin akwai gwanayen da Hulagu ya taho da su daga Sin.